Tsohuwar Sana'ar Shugaba da Halin Makaranta: Nazari a kan Sakandaren Yarjejeniya a Biranen Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi aikin da shugabannin makarantun sakandare na yarjejeniya suka yi kafin su hau kujerar shugabanci a biranen Amurka, da yadda wannan tsohon aiki ya bayyana a tsarin makarantunsu. An nazarci makarantu 7 da aka buɗe tsakanin 1992 da 2006. Binciken ya gano cewa sana'ar da shugaba ya fito daga cikinta takan bar tambarinta a kan makaranta, takan kuma bar giɓi, kuma ɗorewar makarantar ta dogara ne a kan wanda aka samu ya cike wannan giɓin.

Gabatarwa

Makarantar yarjejeniya, wadda Amurkawa ke kira cata, makaranta ce da gwamnati ke biyan kuɗinta amma wasu mutane ne masu zaman kansu ke gudanar da ita. Ba a karɓar kuɗin makaranta, kuma idan masu nema suka fi gurbin da ake da shi sai a yi ƙuri'a. Masu makarantar suna rattaba hannu a kan yarjejeniya ta 'yan shekaru, galibi 5, da hukumar da ta ba su izini. In sun gaza, hukumar tana da ikon rufe makarantar. Jihar Minesota ce ta fara kafa dokar a 1991, Kalifoniya ta bi bayanta a 1992. Zuwa 2021 ɗaliban irin waɗannan makarantu sun kai kimanin miliyan 3.7, wato kusan kashi 7 cikin 100 na 'yan makarantun gwamnati.

Waɗanda suka fara kawo shawarar malamai suke nufi da ita. Ray Budde, malamin jami'a a Masachuset, da Albert Shanker, shugaban ɗaya daga manyan ƙungiyoyin malaman ƙasar, wanda ya tallata ta a 1988, sun so ne a sakar wa ƙwararrun malamai mara su gwada dabarunsu. Sai dai dokokin jihohi da dama ba su wajabta wa shugaban irin wannan makaranta mallakar lasisin shugabancin makaranta ba. Ta wannan ƙofa lauyoyi da 'yan jarida da 'yan siyasa da ma'aikatan kamfanoni suka shigo. Nauyin kujerar ma ya sha bamban. Shugaban makarantar gunduma yana da ofishin ilimi a bayansa mai biyan albashi da gyaran gini da samar da motoci da abinci. Takwaransa na yarjejeniya shi zai nemo gini, ya tsara kasafi, ya ɗauki malamai, ya amsa tambayoyin masu binciken kuɗi, sannan ya leƙa aji ya ga ko ana koyarwa. Tambayar wannan maƙala ita ce: wace irin sana'a ce ke shirya mutum ga wannan kaya?

Bitar ayyukan da suka gabata

Leithwood da abokan aikinsa (2004) sun nuna cewa a cikin abubuwan da ke hannun makaranta, koyarwar aji ce kaɗai ta fi shugabanci tasiri a kan karatun yara. Grissom da Egalite da Lindsay (2021) sun sake tattara binciken shekaru 20 suka ƙarfafa wannan matsayi. A ɓangaren makarantun yarjejeniya, cibiyar CREDO ta Jami'ar Stanford ta nazarci yankunan birane 41 a 2015, ta gano cewa ɗalibansu suna samun ƙarin da ya yi daidai da kwana 40 na karatu a lissafi da kwana 28 a karatun rubutu a shekara, in an gwada su da takwarorinsu na makarantun gunduma. Dobbie da Fryer (2013) sun duba makarantu 39 a Niyok suka ga cewa girman aji da takardun shaidar malamai ba su bayyana bambancin nasara ba. Abin da ya bayyana shi shi ne yawan duba malami a aji da yi masa gyara, da amfani da sakamakon gwaji wajen tsara darasi, da ƙarin lokacin karatu, da koyar da yara a ƙananan rukuni, da sa musu babban buri. Duk waɗannan a hannun shugaba suke. Campbell (2010) kuwa ta ruwaito cewa kashi 71 cikin 100 na shugabannin da aka tambaya suna sa ran barin kujerarsu cikin shekara 5. Waɗannan ayyuka sun auna tasirin shugaba da tsawon zamansa, wannan maƙala kuma ta koma baya ne ta tambayi inda ya fito.

Hanyar bincike

An bi hanyar kwatanta misalai. An zaɓi makarantun ne da gangan domin su wakilci sana'o'i mabambanta, kuma an taƙaita ga abin da ke bainar jama'a game da tarihin aikin shugabanninsu da matakan da hukumomi suka ɗauka a kansu. Tunda duk sanannu ne, ba a ɗauke su a matsayin ma'aunin dubban makarantun ƙasar ba.

Waɗanda suka fito daga aji

City Academy da ke birnin St. Paul, wadda aka buɗe a 1992, ita ce makarantar yarjejeniya ta farko a ƙasar. Malamai ne suka kafa ta, Milo Cutter na kan gaba, domin matasan da suka bar makaranta ko aka kore su. Ta zauna ƙarama, ba ta nemi buɗe rassa ba, kuma ita ce ta fi kusa da abin da Budde da Shanker suka hanga.

Labarin Noble a Shikago ya fi sarƙaƙiya. Michael Milkie da Tonya Hernandez, malamai a sakandaren gwamnatin birnin, su suka buɗe ta a 1999, ta bunƙasa har ta wuce sakandare 15. Wanda ya daɗe a aji ya san yadda hayaniyar yaro ɗaya ke cinye darasin yara 30, kuma wannan sanin ne ya zama ginshiƙin Noble. Aka kafa tsarin maki na laifi: cin cingam, ko barin riga a waje, ko igiyar takalmi a kwance, kowanne da makinsa. Wanda ya tara maki 4 cikin mako 2 za a tsare shi bayan an tashi, iyayensa su biya dala 5. Ga iyalin da ke lallaɓa albashin mako, tarar da ta taru ba ƙaramin abu ba ce, kuma iyaye da ƙungiyoyi sun yi ta kuka har aka soke ta a 2014. Sakamakon jarrabawa ya yi kyau, ɗalibai da yawa sun shiga jami'a, wannan ba a musunsa. Amma a 2021 shugabannin Noble da kansu suka nemi afuwar tsofaffin ɗalibai, suka amsa cewa tsarin ya cutar da yara, musamman baƙaƙen fata, suka kuma soke shi. Wadda ta jagoranci wannan gyara, Constance Jones, digirin harkokin kasuwanci ta yi a Harvard, ta yi aiki a kamfanoni da gidauniyar KIPP ta makarantun yarjejeniya. A nan hasashen da aka saba yi ya kife: malamai ne suka tsananta, wadda ta fito daga kamfani ta sassauta. A ganina wannan misali kaɗai ya isa ya hana mai bincike yanke hukunci daga takardar tarihin aiki.

Lauyoyi da ɗan siyasa

Thurgood Marshall Academy da ke unguwar Anacostia a Washinton ta samo asali ne a 2001 daga ɗalibai da malaman sashen shari'a na Jami'ar Georgetown, waɗanda ke zuwa sakandaren birnin suna koyar da dokokin yau da kullum. Sana'arsu ta shiga manhaja: yara suna koyon gina hujja da kare ta, ana kai su ofisoshin lauyoyi, lauyoyin kuma suna yi musu bitar darasi.

Tim King, wanda ya buɗe Urban Prep a unguwar Englewood ta Shikago a 2006, shi ma shari'a ya karanta a Georgetown, ya kuma shugabanci wata sakandaren Katolika ta maza. Ya gina makarantar samari baƙaƙen fata a kan mutunci. Ana kiran kowane yaro da sunan gidansu haɗe da laƙabin girmamawa, suna sa baƙar kwat da jan laktaye, kuma ranar da jami'a ta karɓi yaro sai a musanya masa da mai ratsin ja da ruwan zinari a gaban taron makaranta. A 2010 dukkan 'yan ajin ƙarshe su 107 sun sami gurbin jami'a, ko da yake masu suka sun lura cewa waɗanda suka fara ajin sun fi haka yawa. Duk da wannan suna, a 2022 hukumar ilimin Shikago ta kaɗa ƙuri'ar karɓe rassa 2 na makarantar, ta kafa hujja da matsalolin kuɗi da gudanarwa, har maganar ta kai kotu. Abin takaici ne ƙwarai, domin samarin Englewood ba su da makarantu irin wannan da yawa, kuma ba su ne suka riƙe littafin kuɗi ba.

Steve Barr, wanda ya kafa Green Dot a Los Anjeles, bai taɓa zama malami ba. Ɗan gangamin siyasa ne, yana cikin waɗanda suka kafa Rock the Vote mai jan matasa zuwa rumfar zaɓe. Ya buɗe sakandarensa ta farko, Ánimo Leadership, a 2000. Tsohuwar sana'arsa ta fito fili a 2007, sa'ad da ya tattara sa hannun malaman sakandaren Locke da ke unguwar Watts, ya sa hukumar ilimin birnin ta miƙa masa makarantar a 2008. Ya kuma yarda malamansa su kafa ƙungiya, abin da akasarin takwarorinsa ke gudu. Amma iya tara jama'a daban, iya riƙe makarantu daban. Marco Petruzzi, wanda ya fito daga kamfanin ba da shawara na Bain, shi ya karɓi ragamar gudanarwa, harkar koyarwa kuma ta koma hannun irin su Cristina de Jesus, tsohuwar malama wadda ta shugabanci ɗaya daga makarantun.

Inda aka raba kayan

High Tech High ta San Diyego, wadda aka buɗe a 2000, ta fi kowacce nuna tambarin shugaba. Larry Rosenstock yana da digirin shari'a, amma shekara 11 ya yi yana koyar da kafinta a makarantun yankin Boston kafin ya shugabanci wata makarantar koyon sana'a a Cambridge. Wanda ya koyar da kafinta ya saba da darasin da ake gama shi da abu a hannu. Haka makarantar take: azuzuwa masu bangon gilashi, ɗalibai suna ƙera na'ura ko wallafa littafi, a ƙarshen zango kuma a baje aikin iyaye da mutanen gari su zo su yi tambaya. Ba a ware masu ƙoƙari daga masu rauni. Rosenstock bai yi wannan shi kaɗai ba. Gary Jacobs, daga iyalin da suka kafa kamfanin Qualcomm, ya kawo kuɗi da goyon bayan 'yan kasuwa, Rob Riordan kuma, tsohon malami, ya tsaya a kan manhaja.

A Newark an yi irin wannan haɗi tun ranar farko. Norman Atkins, tsohon ɗan jarida wanda ya yi shugabanci a gidauniyar Robin Hood, da James Verrilli, gogaggen malami, su suka buɗe North Star Academy a 1997, daga baya ta ƙara sashen sakandare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙungiyar Uncommon Schools da ta tsiro daga nan ta mayar da wannan doka: kowace makaranta tana da shugaban koyarwa da daraktan gudanarwa. Na biyun yana kula da mota da abinci da albashi da gini, domin na farkon ya yini a cikin azuzuwa yana duba malamai, wanda shi ne ɗaya daga abubuwan da Dobbie da Fryer suka ga yana tafiya da nasara.

Tattaunawa

Wani rahoto na Center for Education Reform, ƙungiyar da ke goyon bayan waɗannan makarantu, ya nuna a 2011 cewa akasarin waɗanda aka rufe matsalar kuɗi da gudanarwa ce ta kayar da su, raunin karatu yana bayansu. Wannan ya yi daidai da abin da misalan nan suka nuna. Saboda haka hukumar da ke ba da izini ba ta gama aikinta ba in ta karanta tarihin mai nema kawai. Ya kamata ta san wanda ke zaune a kujera ta biyu, ta kuma san ko kwamitin amintattu na iya ce wa wanda ya kafa makarantar a'a, da wanda zai gaje shi in ya tafi.

Akwai giɓi guda da rabon kujeru ba ya cikewa, wato sanin unguwa. Bayan guguwar Katrina a 2005 an sallami ma'aikatan makarantun New Orleans fiye da 7,000, aka mayar da makarantun na yarjejeniya ɗaya bayan ɗaya, shugabanni da malamai matasa suka kwararo daga wasu jihohi, da yawansu ta hanyar shirin Teach For America. Binciken Douglas Harris da abokan aikinsa a Jami'ar Tulane ya nuna sakamakon jarrabawa ya tashi sosai. Ya kuma nuna cewa malamai baƙaƙen fata, waɗanda suka kai kashi 71 cikin 100 kafin guguwar, sun koma ƙasa da rabi zuwa 2014, a birnin da mafi yawan ɗalibansa baƙaƙe ne. Waɗanda aka sallama ɗin maƙwabtan iyayen yara ne, wasunsu su suka koyar da iyayen. Ƙorafin mutanen gari a kan wanda ke shugabantar makarantun 'ya'yansu bai lafa ba, kuma a 2018 jihar Luwiziyana ta mayar da kula da makarantun hannun zaɓaɓɓiyar hukumar ilimin birnin.