Bindigar Maharbi a Kan Hanya: Daga Dazukan Daura Zuwa Ƙofar Jirgi

A ƙasar Daura, da zarar an kai gero da dawa rumbu, hunturu ya fara busawa, sai hankalin samari ya koma daji. Haka abin yake a Sandamu, wadda take kudu da birnin Daura, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar tare da Daura da Zango da Baure da Mai'adua. Farautar rani ta taron jama'a ce: a buga ganga, a fito da karnuka da gora da adda, a kewaye daji a tashi zomo da zabo da kurege, wani lokaci a yi sa'ar gada. Maharbi kuwa daban yake. Shi sana'arsa ke nan, yawanci ta gado, kuma yakan yi kwana da kwanaki a dawa shi kaɗai ko da yaransa biyu ko uku.

Tun asali maharbi matafiyi ne, domin nama ba ya zama wuri ɗaya. Saboda haka ɗaurin kaya wani ɓangare ne na sana'ar. Kafin bindiga ta yawaita, kayansa kwari da baka ne, kibau kuma an shafe su da dafin da akan haɗa da kwankwani, shi ya sa ba a barinsu a fili inda yaro zai kai hannu. Sai wuƙa a kube, burgami na zuba guzuri da magunguna, goran ruwa, ƙyastu na kunna wuta, da layu da guraye a jiki. Kowane abu da muhallinsa, kuma wanda ya koyi harbi bai koyi ɗaurin kaya ba, ba a ce ya ƙware ba.

Masu binciken matafiyi mai ɗauke da makami ma akwai su tun wancan zamani, sai dai ba su da na'ura. Maharban kowace ƙasa suna da shugabansu, Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, wanda ya san kowa da ubansa. Baƙon maharbi idan ya shiga wata ƙasa yakan fara sauka wurin mai gari ko wurin shugaban maharba, ya faɗi inda ya fito, a nuna masa dajin da zai shiga da wanda ba a taɓawa, in ya samu nama kuma ya kai gaisuwa. Shedarsa ita ce mutanen da suka san shi. Ko labarin kafuwar Daura kansa na baƙo ne da ya iso gari da dare ɗauke da makami: Bayajidda, wanda aka ce maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijin rijiyar Kusugu.

Bindiga ta shigo ƙasar Hausa ta hanyoyi biyu. Akwai wadda fatake suka ƙetaro da ita ta hamada daga Tarabulus, akwai kuma wadda ta hauro daga bakin teku, inda Turawan Denmark da Holan da Ingila suke sayar da dogayen bindigogi masu ƙanƙara. Littafin Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A wancan lokaci bindiga kayan fada ce, tana hannun bayin sarki, talaka bai isa ya mallake ta ba. Ragowar wannan tsari ne ake gani har yau a hawan salla da sallar Gani a Daura, inda 'yan bindiga ke gaba suna ɗurawa suna bugawa, hayaƙi na turnuƙe hanya.

Mutanen ƙasar Daura sun ga ƙarfin bindiga a kusa. Bayan jihadi ya fitar da sarkin Daura, Sarkin Gwari Abdu, daga birni a farkon ƙarni na 19, zuriyarsa ta zauna a Zango da Baure a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a Zinder. Duk garin da ke tsakanin Damagaram da Kano ya san abin da hakan yake nufi.

Turawa ne suka kawo takarda cikin lamarin. A yarjejeniyar Brussels ta 1890, ƙasashen Turai sun amince su hana shigar da bindigogin zamani yawancin Afirka, amma suka bar ƙofa ga tsofaffin bindigogi masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Dalilin da suka bayar shi ne yaƙi da cinikin bayi. Abin da ya biyo baya kuwa shi ne, lokacin da sojojin Ingila na Lugga suka tunkari Kano a watan Fabrairun 1903, suna da bindiga mai jigida, masu kare ganuwa suna da baka da bindigar toka. Sannan aka ja iyaka tsakanin Ingila da Faransa, ta ratsa ƙasar Daura ta dā. Dajin da maharbi ya gada yana shiga, rana ɗaya ya zama wata ƙasa, da jami'an kwastan a bakin hanya kamar yadda ake gani a Kongolam. Dokar kare namun daji ta 1916 da wadda gwamnatin Arewa ta yi a 1963 suka ƙara da lasisin farauta da jerin dabbobin da aka hana kashewa.

Maƙera ba su zauna ba. Suka kwaikwayi bindigar Turawa da bututun ƙarfe da ƙotar itace, har adaka da harba-ka-ruga suka zama kayan da talaka ke iya saye. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi a Najeriya, ta kasa bindigogi gida uku: na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, na amfanin kai, irin su bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai waɗanda ake ɗurawa ta baki, da aka bar wa kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar maharbin Sandamu tana cikin kashi na uku, kuma a nan matsalar take, domin izinin da aka samu a jiha ɗaya ba lallai ne mai tsaron hanya a wata jiha ya san da shi ba.

Tafiyar sama kuwa tata hanyar daban ce: jirgin sama ya fara sauka a Kano ne ranar 1 ga Nuwamban 1925, lokacin da jirage uku na sojan Birtaniya suka iso daga Masar. Shekaru da yawa bayan haka fasinja yana shiga jirgi ba tare da an taɓa jikinsa ba. Fashin jirage ne ya sauya komai. A watan Satumban 1970 aka karkatar da jirage zuwa wani fili a hamadar Jodan aka tarwatsa su. A farkon 1973 Amurka ta wajabta binciken kowane fasinja da jakarsa. A 1974 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fitar da ƙa'idojin tsaro ga ƙasashe mambobinta. Najeriya ta ɗanɗana nata a watan Oktoban 1993, da wasu samari huɗu suka karkatar da jirgin Nigeria Airways da ya taso daga Legas zuwa Abuja, suka sauke shi a Yamai. Harin 11 ga Satumban 2001 kuma ya kori ko 'yar ƙaramar wuƙa daga jakar hannu.

Duk da wannan tsanani, tsarin jirgi bai haramta wa mai farauta tafiya da bindigarsa ba. Ya dai shimfiɗa masa hanya dalla-dalla. Zai sanar da kamfanin jirgi tun kafin ranar tafiya, ya zo da wuri da lasisinsa a hannu, ya faɗa da bakinsa a wurin auna kaya cewa yana ɗauke da makami. Bindigar ta kasance ba harsashi a ciki, a kwance cikin akwati mai tauri da kwaɗo, a kuma shigar da ita ɗakin kaya na ƙarƙashin jirgi. Harsasai suna da nasu kwali, kuma ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jirage, IATA, ba ta yarda mutum ɗaya ya wuce kilo 5 ba. Wuƙa da adda su ma ƙasa suke bi. Da irin wannan shiri ne masu hali daga Amurka da Turai suke zuwa farauta Afirka ta Kudu da Namibiya da Tanzaniya kowace shekara. Abin lura, wanda ya bayyana makaminsa a wurin, an ɗauke shi mai gaskiya, a rubuta a ba shi shaida.

Amma albarushi ba ya hawa jirgin fasinja ko kaɗan, ko a jaka ko a ɗakin kaya, haka ma hular da ake ɗora wa bindigar toka. Ga kuma kuɗin tikiti. Don haka ko da filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina da na Malam Aminu Kano ba su yi wa Sandamu nisa ba, maharbin ƙauye hanyar mota yake bi. Kuma tafiyarsa ta ƙara tsawo, saboda gonaki sun cinye dazukan arewa, namun sun ja baya, masu sana'ar da yawa sai sun gangara kudu da rani. Bindigogi a naɗe cikin buhu, karnuka a bayan babbar mota, shinge bayan shinge.

Abin da hakan ke iya jawowa ya bayyana a ƙarshen watan Maris na 2025 a Uromi ta jihar Edo. Wasu maharba 'yan jihar Kano sun taso daga jihar Ribas za su gida yin ƙaramar salla. 'Yan sintirin gari suka tare motarsu, suka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu satar mutane, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya, ya isa har ƙaramar hukumar Bunkure inda da yawansu suka fito. Mutanen nan ba su ɓoye sana'arsu ba. Abin da suka rasa a wannan shinge shi ne wanda zai tsaya ya duba ya ce ya san su.

Wannan kuwa na faruwa ne a lokacin da hukuma ta fi kowane zamani buƙatar maharba. Su ne suka taimaka wajen korar Boko Haram daga wasu garuruwan Adamawa a 2014, kuma a jihar Katsina ana neman masu sanin daji a aikin tsaron ƙauyuka, musamman tun da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023. A cikin shekarar ce kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan makamai. Ana kiran maharbi idan gari ya rikice, amma ba a ba shi takardar da za ta raka shi daga Sandamu zuwa Ribas. Masarautar Daura tana da hakimai da dagatai da shugabannin maharba da suka san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Da za a haɗa wannan sani da rajistar 'yan sanda, a ba kowane maharbi kati mai hoto da lambar bindigarsa, a riƙa sanar da jihohin da ayarin zai ratsa kafin ya tashi, a ware albarushi daga bindiga a kulle kowanne daban, da an kawo wa hanyar mota abin da filin jirgi ya yi shekara 50 yana yi.