Tarihin Koyar da Ilimin Kasuwanci da Gudanarwa a Garin Jos

1.0 Gabatarwa

A wannan maƙala za mu waiwayi yadda ilimin kasuwanci da gudanarwa ya kafu a Jos, domin mu ga darasin da masu tsara manhaja za su ɗauka daga ciki.

2.0 Makarantar Kasuwa

Haƙar kuza ce ta raya Jos a farkon ƙarni na 20. Leburori da fatake sun yi ta kwararowa Naraguta da Bukur, musamman bayan da layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, Hausa kuma ta zama harshen ciniki tsakanin ƙabilu. A lokacin, yaro kan koyi kasuwanci ne a hannun ubangidansa: lissafin uwar kuɗi da riba, da bayar da bashi, da dillanci, da riƙon amana. Idan ya goge, sai a yaye shi da jari. Wannan ilimi da baki ake bayar da shi, ba a rubuce ba.

3.0 Zuwan Cibiyoyi

Daga 1971 ne al'amarin ya sauya. A shekarar aka buɗe reshen Jami'ar Ibadan a Jos, wanda ya zama Jami'ar Jos a 1975. A 1971 ɗin kuma aka kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, mai hedikwata a Jos, wanda ya ɓullo da shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu a 1973. Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa ta biyo baya a Kuru a 1979, sai Kwalejin Akantoci ta ƙungiyar ANAN. Haka nan, tsarin ilimi na 6-3-3-4 ya shigar da darasin kasuwanci ƙananan makarantun sakandare.

4.0 Mujallun Nazari

Bunƙasar waɗannan cibiyoyi ta haifar da buƙatar mujallun nazari, inda malamai ke buga sakamakon bincikensu bayan takwarorinsu sun tace shi. Sai dai da Ingilishi ake rubuta su, kuma galibin ra'ayoyin da ake ɗora nazarin a kai daga Ingila da Amurka suka fito. Saboda haka, ɗan kasuwar da ake nazarinsa ba kasafai yake jin abin da aka gano ba. Gobarar da ta cinye Babbar Kasuwar Jos a 2002 ta nuna muhimmancin batutuwa irin su inshora da adana bayanan ciniki ga mai ƙaramin jari.

5.0 Kammalawa

A ganinmu, koguna biyu ne suka daɗe suna gudana a Jos ba tare da sun haɗu ba. Ya kamata manhaja ta tattara kalmomin kasuwa irin su jari da la'ada da adashi, ta daidaita su, sannan a riƙa taƙaita binciken mujallun da Hausa. Ta haka ne ilimin aji zai amfani mai shago, hikimar mai shago kuma ta shiga aji.