Ɗalibin Bincike da Bashin Kakuri

A wannan makon za mu waiwayi tarihin ɗaliban digiri na biyu da na uku: me suke bin jami'a, me kuma al'umma ke bin su.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe a 1962, kuma Farfesa Abdullahi Smith ne ya kafa sashen tarihinta. A 1970 ya jagoranci kafa Gidan Arewa a Kaduna, a gidan marigayi Sardauna, domin masu bincike su sami takardu da littattafai wuri guda. Wannan shi ne haƙƙin ɗalibi na farko: a buɗe masa taska, a haɗa shi da malamin da zai duba aikinsa da gaske. Ba jami'a kaɗai ke sauke wannan haƙƙi ba. Lokacin da Murray Last yake digirinsa na uku a Ibadan, Wazirin Sakkwato Junaidu ne ya buɗe masa littattafansa, har aikin ya fito a littafi a 1967.

Haƙƙi na biyu shi ne kada aikin ɗalibi ya mutu a kan kanta. Yusufu Bala Usman ya kammala kundinsa kan tarihin Katsina a 1974, aka buga shi a 1981. Mahmud Modibbo Tukur kuwa ya kammala nasa kan mamayar Turawan Ingila a Arewa a 1979, ya rasu a 1988, littafin bai fito ba sai 2016. Shekara 37 ke nan, sai wanda ya iya zuwa ɗakin karatu ne ke ganinsa.

To, ina nauyin da ke kan ɗalibin? Mu tsallaka kogi daga Gidan Arewa zuwa Kakuri. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, ta buɗe masaƙar KTL a can. Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, dubban mutane suka yi tururuwa daga ko'ina. A 2002 KTL ta rufe ba a biya ma'aikata kuɗin sallama ba, UNTL ma ta rufe a 2007. Gunilla Andrae da Bjorn Beckman sun yi littafi kan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, Elisha Renne kuma ta yi kan matan da mazajensu suka rasu suna jiran haƙƙinsu. Duka da Turanci suke.

Ɗalibin da ya shiga Kakuri da na'urar ɗaukar murya, amana ya je karɓa. Tsohon ma'aikacin da ya zauna ya ba shi labari yana bin sa abu uku: ya faɗa masa gaskiyar abin da zai yi da maganarsa, kada ya sa masa abin da bai faɗa ba a baki, sannan ya dawo masa da sakamakon cikin harshen da yake ji. Ɗalibin da ke kukan malaminsa ya riƙe masa babi wata shida yana da gaskiya. Amma idan ya karɓi digiri bai sake taka Kakuri ba, shi ma ya riƙe wa wani.

Mu da ke rubutu da Hausa, wannan nauyi bai tsallake mu ba. Waɗanda suka fara aiki a masaƙun nan suna samari yanzu sun tsufa, kullum raguwa suke yi. Mai ɗan uwa ko maƙwabci a cikinsu ya nemi izininsa, ya rubuta suna da shekara daidai, ya karanta masa kafin ya kawo mana nan.