Soyayya a ƙagaggun labarai: daga Jiki Magayi zuwa In Da So Da Ƙauna

Masu nazarin adabin Ingilishi sukan kwatanta littattafai biyu idan ana batun soyayya.

Na farko shi ne Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a 1813, inda hankali ke yi wa zuciya linzami har a kai ga aure. Na biyu kuwa, Wuthering Heights na Emily Brontë, na 1847, labarin Heathcliff ne, wanda rashin samun Catherine ya mayar da son da yake yi mata ya zama ramuwar gayya.

Adabin Hausa ma yana da irin wannan bambanci, kuma a nan dukiya ce ke raba masoya.

A littafin Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta, aka buga a Zariya a tsakiyar shekarun 1930, Abubakar na son Zainabu, amma wani attajiri, Malam Shaihu, ya aure ta.

Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi. Asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa wa attajirin, wanda ya taso ɓarawo, daga bisani ya kashe mahaifinsa ba da saninsa ba.

Abin lura shi ne, zafin zuciyar namiji ne ke jan labarin; ba a cika jin muryar Zainabu ba.

Wannan ya sauya da fitowar So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, inda Boɗaɗo, wata Bafulatana, ta tsaya kai da fata sai Yasir, duk da cewa ba ƙabilarsu ɗaya ba.

A farkon shekarun 1990 kuma, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a Kano. Matsalar dai irin ta Jiki Magayi ce: talaka Muhammad da mai kuɗi Abdulƙadir na neman Sumayya. Sai dai a wannan karon yarinyar ce ta ɗauki mataki, ta faɗa rijiya don gudun auren dole.

Irin waɗannan littattafai, da ake kira adabin kasuwar Kano, sun sha suka daga masu cewa suna koya wa 'yan mata bijire wa iyaye, yayin da marubutan ke cewa auren dole suke yaƙa.