Bazarar 1953: Maganar Ikko, Jinin Kano

Jama'a, mun saba ɗaukar bazara a matsayin lokacin zafi da sharar gona da jiran ruwan shuka. To amma in aka buɗe littafin tarihi, za a ga cewa ranakun da suka juya akalar Arewa da dama a cikinta suka faɗo. Ran 15 ga Maris, 1903, sojan Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas. Ran 15 ga Maris, 1959, shekara 56 cif, Jihar Arewa ta karɓi mulkin kanta. A tsakanin waɗannan biyu akwai wata bazara da ta fi shafarmu mu mazauna Kudu, ita ce ta 1953.

Ran Talata 31 ga Maris na wannan shekara, Anthony Enahoro, ɗan jam'iyyar Action Group ta Cif Awolowo, ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Ikko ya kawo batu cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya nemi a yi gyara, a cire shekarar, a ce sai lokacin da hali ya yi. Ba wai son zama ƙarƙashin Bature ba ne. A lokacin Arewa ba ta da isassun 'yan boko, akawu da ma'aikatan reluwe da na gidan waya galibi mutanen Kudu ne. Tsoron shi ne kada Bature ya tashi, wani ya zauna a kujerarsa. Kuma rabin kujerun majalisar na Arewa ne, wato 68 cikin 136, saboda haka ba dama batun ya wuce sai da yardarsu. Rai ya ɓaci, wakilan Action Group da na NCNC suka fice daga zauren.

Da wakilan Arewa suka fito, sai jama'ar Ikko suka bi su da ihu da zagi, ana ce musu 'yan amshin shatar Turawa. Haka suka hau jirgin ƙasa suka koma gida da takaici. Labarin wannan wulaƙanci ya bazu ko'ina a Arewa.

Ana cikin haka sai Action Group ta tura ayari ƙarƙashin Samuel Akintola ya zaga Arewa yana tallar 1956. Aka sa taron Kano ran Asabar 16 ga Mayu, a farkon watan azumi. Hukumar En'e ta janye izinin taron, amma ina, an riga an yi nisa. Faɗa ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka yi kwana huɗu ana yi. Rahoton gwamnati ya ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni, 'yan Arewa da 'yan Kudu duka.

A nan ne abin lura yake. Jam'iyyar da ta kawo taron, Yarbawa ne jagororinta, amma faɗan ya fi faɗawa kan 'yan kabilar Ibo, waɗanda su ne mafi yawa a Sabon Gari. Ɗan tireda da tela da leburan tasha ba su je majalisa ba, ba su yi wa kowa ihu a Ikko ba. Amma su aka binne, su aka ƙone wa rumfa. Manya suka yi cacar baki, baƙi da talakawa suka biya.

Daga nan majalisun Arewa suka fitar da buƙatu takwas, waɗanda kusan raba ƙasa ne, domin sun nemi kowace jiha ta riƙe komai nata, ban da irin su tsaro da kwastan da hulɗa da ƙasashen waje. Sakataren mulkin mallaka, Oliver Lyttelton, ya ga lallai tsarin Macpherson ya mutu. Ya kira taro a Landan cikin Yuli da Agusta 1953, aka ƙarasa a Ikko farkon 1954. Abin da ya fito shi ne tsarin tarayya, kowace jiha da Firimiyanta, kuma kowace ta karɓi mulkin kai sa'ad da ta shirya. Yamma da Gabas suka karɓa a 1957, Arewa a 1959, ƙasa baki ɗaya a 1960. Wato abin da aka zub da jini a kansa, a teburi aka warware shi.

To 'yan'uwa, mu duba kanmu. Yadda Sabon Gari take a Kano, haka Sabo take a Badun da Shagamu, haka unguwanninmu na Agege da Idi Araba. Mu ne baƙin nan. Duk wutar da aka kunna a can, hayaƙinta na iya iso mu, kamar yadda ihun Ikko ya isa Kano cikin mako bakwai. Saboda haka mutuncin baƙon da ke garuruwanmu na asali, katangarmu ce. In mun je gida ganin dangi mu faɗa wa matasa haka. A nan kuma mu kama bakinmu ga jita-jita, mu riƙe zumunci da masu masaukinmu tun ana zaman lafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.