Rumbun da Ya Fara da Furotin Bakwai

A watan Yunin 1971 masana siffar furotin suka hallara a Cold Spring Harbor, a jihar Niyok ta Amurka, kowa da abin alfaharinsa. Shekara 13 ke nan da John Kendrew ya fito da fasalin mayogulobin, ga shi Max Perutz ya biyo da na himogulobin, mai ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, har su biyun sun sami kyautar Nobel a 1962. Amma akwai wata damuwa da ta fi cin matasan wurin rai. Siffar furotin guda lambobi ne dubbai, uku ga kowace ƙwayar zarra, kuma mujallu ba sa buga su. Mai bukata sai ya rubuta wasiƙa ya roƙa, in mai su ya ga dama ya aiko masa da katunan kwamfuta masu huji.

Helen Berman da Edgar Meyer na cikin waɗanda suka dage a kan a yi wa lambobin nan ma'ajiya ɗaya. Walter Hamilton, masanin kiristal a cibiyar bincike ta Brookhaven, shi ya ce a ba shi kayan ya ɗauka, suka haɗa hannu da Olga Kennard ta Kambirij a Ingila. A watan Oktoba na wannan shekarar mujallar Nature New Biology ta ba da 'yar gajeriyar sanarwa cewa an kafa Rumbun Bayanan Furotin, wanda duniya ta sani da PDB. Siffa bakwai ce jarinsa.

Hamilton bai ga girman abin da ya dasa ba, ya rasu a farkon 1973. Tom Koetzle ya karɓa, ya riƙe har 1994, kuma a ganina wannan zamanin ne ya ba rumbun halinsa. Ma'aikatan ba su da yawa. Frances Bernstein da abokan aikinta kan karɓi siffa, su bi ta layi-layi, su rubuta wa mai ita cewa ga zarra biyu sun yi kusa fiye da yadda ilimin sinadarai ya yarda, ko ga sunan da aka rubuta ba daidai ba. Sannan a naɗe bayanan a faifan maganaɗisu a tura ta gidan waya ga duk wanda ya nema, babu tambayar ƙasarsa ko girman jami'arsa. Sai a 1982 siffofin suka kai 100. Wani zai ga tafiyar hawainiya ce, amma a lokacin siffa guda kan ci shekarun ɗalibin digirin digirgir gaba ɗaya.

Dalili kuwa, a hanyar da masana kiristal ke bi ba wanda ke ganin furotin da ido. Sai an lallaɓa shi ya daskare ya zama kiristal, abin da kan ɗauki watanni ko ya ƙi sam. A haska masa hasken eksire, ya watso ɗige-ɗige a kan na'ura. Na'urar tana auna ƙarfin kowane ɗigo, amma rabin labarin, wato yadda igiyoyin hasken suka jeru da juna, yakan ɓace, sai an nemo shi da dabara da lissafi. Abin da ke fitowa taswira ce mai duhu-duhu, kamar hango mutum cikin hazon hunturu: ka san ga kai ga kafaɗa, amma abin da ke hannunsa sai hasashe. A cikinta mai bincike ke jera zarra ɗaya bayan ɗaya. Wani dunƙule a taswirar yana iya zama ruwa, ko gishiri, ko maganin da mai binciken ke ɗokin gani. Saboda haka kowace siffa akwai ra'ayin magininta a ciki, kuma ba a gane ingancinta sai an ba wasu damar dubawa.

Shekarun 1980 sun zo da 'yar gardama. Wasu kan buga sakamako su riƙe lambobin, kuma ba za a yi saurin zarginsu ba, domin wanda ya sha wahalar shekara biyar yana son ya fara cin gajiyarta. Fred Richards da wasu manya suka yi kira, a 1989 ƙungiyar masana kiristal ta duniya ta fitar da ƙa'idar ajiya, mujallu suka bi sahu. A 1998 kuma kulawar ta bar Brookhaven ta koma hannun haɗakar RCSB, ƙarƙashin Berman a Jami'ar Rutgers. A 2003 aka haɗa kai da Turai da Osaka ta Japan, rumbun ya zama na duniya, kundi ɗaya a wurare da dama.

An yi tuntuɓe, gaskiya ne. A 2006 wani ɗakin bincike ya janye maƙaloli biyar saboda kuskuren wata manhaja da ta juya masa bayanai. Rumbun ya ɗauki darasi: daga 2008 ba a karɓar siffar kiristal sai da ma'aunan gwajin da aka gina ta a kansu, kuma yau kowace siffa na tafe da rahoton tantancewa. Tsohon tsarin rubutun ma, mai gurbi 80 a layi da aka gada daga katunan huji, ba ya ɗaukar zarra fiye da 99,999, har sai an daddatsa manyan siffofi irin na ribozom gida-gida. A 2014 tsarin mmCIF ya maye gurbinsa, shekarar da siffofin suka cika 100,000. A farkon 2023 suka haura 200,000.

Mai karatu a Kano ko Damagaram na da rabo a nan. Himogulobin mai haddasa ciwon sikila yana cikin rumbun, ana ganin gurbi na shida inda sinadari guda ya sauya ya sa ƙwayoyin ke manne wa juna. Furotin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma suna nan da yawa, kuma ɗalibi mai intanet zai sauke su ba ko kwabo. A watan Fabrairun 2020, annobar korona na farawa, siffar wani muhimmin furotin na ƙwayar cutar ta fito daga Shanghai ta shiga hannun kowa. Manhajar AlphaFold mai hasashen siffar furotin, wadda ta kai masu ita ga Nobel a 2024, daga waɗannan siffofin ta koyi aikinta, kuma da wuya a ji an ambaci waɗanda suka shekara hamsin suna gyara su.

Akwai aikin da ya rage. Ainihin hotunan ɗige-ɗigen da na'ura ke ɗauka ba sa shiga rumbun, domin na kiristal guda kan kai gigabait masu yawa, na'urorin zamani kuma na fitar da ɗaruruwansu a daƙiƙa. Da yawa na zaune a faifan ɗakin bincike har ɗalibin ya kammala ya tafi, faifan ya lalace. Ma'ajiyoyi irin su SBGrid da Zenodo na karɓar wasu, amma ajiyar ganin dama ce, ba dole ba. Su kuwa hukumomin da ke ba rumbun kuɗi, wa'adi-wa'adi suke sabunta tallafinsu, alhali mai sake duba siffar da aka gina bana yana iya zuwa bayan shekara talatin, da manhajar da ba a rubuta ba tukuna.