Daga Karen Mota Zuwa Direba: Tarihin Koyon Tuƙin Babbar Mota a Bauchi

Wannan maƙala ta dubi yadda ake shiga sana'ar tuƙin babbar mota a garin Bauchi. Kafin zuwan mota, fatake ne ke safarar kaya a kan jakuna, ƙarƙashin jagorancin madugu. Ko da jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, bai kashe kasuwar mota ba, domin gingimari ce ke kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa tashar jirgi.

Sana'ar ta ƙara bunƙasa bayan da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, sa'annan kamfanin Steyr ya soma harhaɗa manyan motoci da taraktoci a garin a ƙarshen shekarun 1970. A wancan zamani ba makaranta ke yaye direba ba. Yaro kan fara ne a matsayin karen mota: ya wanke ta, ya ɗaure kaya, ya tokare taya a gangara, ya kwana yana gadi. Sai bayan shekaru maigidansa zai sakar masa sitiyari a hanyar Jos ko ta Maiduguri.

Kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988 ya ƙarfafa matsayin lasisi. Sai dai lasisi shaidar iya tuƙi ne kawai. Riƙon amanar rayuka da dukiya, wanda direba ya gada daga madugu, a hannun maigida ake koyonsa. Idan wannan tarbiyya ta yi rauni, matafiya ne za su ɗanɗana kuɗarta.